Na'urar gano ƙwayar cuta: a hannun likita ya kamata ta zauna

A shekarar 2001, wasiƙu ɗauke da garin ƙwayar antiraks sun kashe mutum 5 a Amurka, wasu 17 suka kwanta jinya. A 2003 ƙasar ta kafa shirin BioWatch, ta kakkafa na'urorin shaƙar iska a birane fiye da 30. Sai dai kullum sai an ciro matatar na'urar an kai ɗakin gwaji, sakamako kuma ya kai awa 36 bai fito ba. Irin wannan jinkiri ne ya sa ake neman na'urar tafi-da-gidanka, irin MinION, wadda ba ta kai wayar hannu faɗi ba: a jona ta da kwamfuta, ta karanta tsarin halittar ƙwayar a inda cutar ta ɓulla.

Ra'ayinmu shi ne, duk gwamnatin da za ta sayi irin wannan na'ura don tsoron ta'addanci, to ta damƙa ta ga ma'aikatan lafiya, kada ta kulle ta a sito. Ƙwayar cuta ba ta bayyana wanda ya sake ta. Wanda aka kai wa hari da wanda ya kamu daga mushen saniya, da zazzaɓi iri ɗaya za su iso asibiti. Hannun da ya saba da aikin kullum shi zai gane baƙon abu. A 2015 an yi aiki da MinION a Gini lokacin Ibola, a 2018 kuma a Irrua ta jihar Edo kan zazzaɓin Lasa. Antiraks ɗin ma ta ɓulla a wata gona a Suleja a Yulin 2023, ba tare da hannun kowa ba.

Wasu za su ce mai fama da kwalara da mashaƙo ina shi ina wannan tsada. Amsarmu ita ce na'urar ɗaya ce, aikin biyu. Wasu kuma za su tuna cewa BioWatch ta sha nuna haɗari inda babu hari. Gaskiya ne, shi ya sa dole babban ɗakin gwaji ya tabbatar kafin a sanar da jama'a. Na'ura ba ta aiki ita kaɗai: tana buƙatar wuta, sinadaran da ba su lalace ba, da ƙwararren da ake biya a kan kari. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kasafin da ya sayi na'ura bai tanadi waɗannan ba, bai kare kowa ba.