Raddi Ga Mai Raina Fi'ili Mai Rakiya

Wani malami da yake karantar da ma'aikata Turanci da dare a Panshekara ya yi da'awar cewa fi'ilan nan da Turawa suke haɗawa da ɗan harafi, irin su "shut down" da "lay off", maganar 'yan tasha ce, ba su da ƙa'ida, kuma kowannensu yana da kalma guda fasihiya da take wadatarwa. Da yake almajiransa su ne masu tsayuwa gaban injuna a majemun Challawa da masana'antun Sharaɗa da Bompai, ya wajaba a mayar masa da jawabi bisa hujja.

Amma batun tasha, Samuel Johnson, wanda ya fitar da ƙamusunsa a 1755, ya ambaci wannan babi a muƙaddima, ya kuma shaida cewa shi ya fi wahalar da baƙon harshe. Abin da limamin lugga ya tsaya a kansa kuwa, ba ya halatta a kira shi lahani. Kalmomin da malam yake fifitawa su ne ma baƙi, daga Faransanci da Latin, da yawansu bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066.

Da'awar rashin ƙa'ida ita ta fi ba ni mamaki daga wanda ya zauna gaban malaman nahawu a zaure, domin ya sani sarai cewa Balarabe idan ya ce "ragiba fi" kwaɗayin abu yake nufi, idan ya ce "ragiba an" juya masa baya yake nufi, alhali fi'ili ɗaya ne, harafi kaɗai ya sauya, kuma ba mu taɓa jin wanda ya zargi Larabci da rashin tsari saboda haka ba. Turanci ma yana da hukuncinsa: lamiri tsakiya yake shiga, a ce "switch it off", ba a jinkirta shi.

Da'awa ta uku, wato cewa kalma guda tana wadatarwa, ita ce mai cutarwa. Ma'aikacin da aka rubuta masa "laid off", aiki ne ya ragu aka sallame shi ba da laifinsa ba. Wanda aka rubuta masa "dismissed" kuwa, galibi kora ce mai ɗauke da tuhuma. Wanda malam ya koya wa cewa duk ɗaya ne, in an miƙo masa takarda a ofis, zai sa hannu bai san wacce aka ba shi ba.