Tsofaffin motocin Faransa masu gudu: darajar ta hau, masu su sun canza

A watan Fabrairun 2021, lokacin da annobar korona ta hana taruwar jama'a, kamfanin gwanjo na Artcurial da ke Paris ya sayar da wata mota ƙirar Peugeot 205 Turbo 16 a kan kuɗi kusan Yuro miliyan ɗaya. A cikin shekarar kuma aka yi gwanjon wata 205 GTI, 'yar ƙaramar motar da samarin Faransa ke zuwa aiki da ita a shekarun 1980, a kan sama da Yuro dubu 80. Mai karatu zai iya cewa ina ruwan biri da gada. To amma duk wanda ya tashi a ƙasar da ake kiran kusan kowace motar gwamnati Fijo, ya kamata ya tsaya ya duba abin da ke faruwa, domin kasuwar tana nuna yadda abin talaka ke komawa hannun mai hali ba tare da an ƙwace masa ba.

Idan ba a manta ba, ita 205 ta fito ne a 1983, a daidai lokacin da kamfanin Peugeot ke fama da asara bayan ya haɗiye Citroën da kuma reshen Chrysler na Turai. Ita ce ta ceto shi. A 1984 aka fitar da samfurin GTI mai ƙarfin inji da rashin nauyi, aka ƙera ɗaruruwan dubbai har zuwa 1994. Ita kuwa Turbo 16, kamannin jiki kawai ta ɗauko, don injinta a tsakiya yake, kuma duk ƙafafunta huɗu suna ja. Dokar gasar tsere ta rukunin B ta tilasta wa kowane kamfani ya ƙera guda 200 na sayarwa kafin a bar shi ya shiga, shi ya sa ba su da yawa tun asali. Da ita Peugeot ya cinye gasar duniya a 1985 da 1986, kafin a soke rukunin baki ɗaya sakamakon mutuwar direba Henri Toivonen a tsibirin Kosika. Daga nan kamfanin ya juya zuwa tseren Paris-Dakar, ya lashe shi sau huɗu a jere daga 1987 zuwa 1990, a zamanin da ayarin ke ratsa hamadar Tenere ya yada zango a Agadas.

Tsadar irin wannan mota ba abin mamaki ba ne, haka ma Alpine A110 da ta ci gasar duniya ta farko a 1973, ko Renault 5 Turbo ta 1980. Kaɗan aka yi su, kuma suna da tarihi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne GTI, wadda aka yi ta bila adadin. Me ya sa abin da aka ƙera da yawa haka ya koma kayan gwanjon manya?

Amsar tana cikin yadda aka yi amfani da ita. Samari ne suka saye ta hannu na biyu da na uku a kan kuɗi ƙalilan, suka yi ta gudun wuce sa'a, wasu suka kifar, wasu suka canza mata inji da kujeru da fenti, saura kuma gwamnatin Faransa ta biya masu su kuɗi suka miƙa su aka niƙe a ƙarƙashin shirye-shiryen kawar da tsofaffin motoci. Wadda ta tsira da injinta na asali da takardunta cikakku ta zama abin nema. Su kuma samarin jiya, waɗanda suka liƙa hotonta a bangon ɗaki, yau sun haura shekara hamsin, sun aurar da 'ya'ya, suna da rarar kuɗi, kuma ƙuruciyarsu suke son fanshewa. Ga kuma Amurkawa, da ba a taɓa sayar musu da ita a hukumance ba, dokar ƙasarsu ta ba su damar shigo da duk motar da ta kai shekara 25. Masu nema sun ƙaru, abin nema kuwa kullum raguwa yake yi.

Kamfanonin ma sun farga. Gidan tarihin Peugeot da ke Sochaux ya buɗe sashen gyara tsofaffin GTI yana sayarwa da takardar shaida, Renault ya farfaɗo da sunan Alpine a 2017, sannan a 2025 ya sanar da wata Renault 5 Turbo mai aiki da lantarki da za a ƙera guda 1,980 kacal, farashinta a lokacin daga Yuro dubu 155. Wato ƙarancin ma yanzu ƙera shi ake yi. Ba yau aka fara wannan dabara ba: a 1993 an sayar da Clio Williams da sunan kaɗan za a yi, da kasuwa ta buɗe sai aka ƙaro zubi na biyu da na uku, masu na farko suka yi ta ƙorafi.

Abin da ke damuna a nan shi ne wanda ke riƙe da makullin. Motar da ta fi tsada a gwanjo ita ce wadda ba ta yi tafiya ba, don haka duk kilomita ɗaya da mai ita ya ƙara, asara ce. Sai a wayi gari mota da aka yi don hanya tana kulle a ɗaki mai na'urar sanyaya, ana goge ta kamar kwallar amarya. Bakaniken da ya san ciwonta da saurayin da ke sha'awarta an bar su da kallo ta gilashi. A gaskiya ba zan ce duk sharri ba ne, domin tsadar ce ta sa ake sake ƙera kayan gyara, ita ce kuma ta hana a ci gaba da niƙe su. Amma ana adana jikin motar, al'adar da ta ba ta daraja tana mutuwa.

Ga mai tunanin zuba jari kuwa, ya yi hattara. Mota ba ta haihuwa, ci take yi: inshora, wurin ajiya, gyara, da kason mai gwanjo. Kasuwar ta lafa bayan da bankunan Turai suka ɗaga kuɗin ruwa daga 2022, kuma farashin da jaridu ke yayatawa na fitattun ne, ba na gama-gari ba.

Mu dawo gida. Masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975, shekarar da 504 ta lashe tseren Safari na Kenya, kuma ba a daina haɗa 504 a can ba sai wajen 2006, shekaru da dama bayan Faransa ta daina. Kada wani ya ruɗi kansa, 504 ɗin da ke bayan gidanmu ba motar tsere ba ce, ba za ta kai kuɗin GTI ba. Mai ƙofa biyu da Pininfarina ya zana ce Turawa ke rububi. Sai dai abin da ya ɗaga darajar waccan, wato takardu da asali da wanda ya damu ya ajiye, shi ne muka rasa. Motocin da suka ɗauki gwamnoni da alƙalai da amare, da wagon ɗin da ya yi shekaru yana jigila tsakanin Kano da Maiduguri, 'yan gwangwan ne ke auna su da kilo a Panteka. Tsofaffin bakanikenmu da ke gane ciwon injin Fijo da kunne suna ta ƙarewa, yaransu sun koma gyaran motocin Japan. Ina ganin gwamnatin Kaduna da masu kamfanin da jami'o'inmu za su iya tattara goma ko ashirin daga cikin waɗanda aka haɗa a Kakuri, da lambobinsu da sunayen ma'aikatan da suka ɗaura su, tun ana iya samun masu lafiya a kan kuɗin da bai kai na babur sabo uku ba.