RA'AYINMU: Wa Zai Kwana A Gidan Landan?

A shekarar 2011 Jami'ar Notre Dame, wadda Fada Edward Sorin ya kafa a jihar Indiana ta Amurka a 1842, ta buɗe wa ɗalibanta gidan kwana a birnin Landan. Ginin tsohon asibitin mata da yara ne da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ta Waterloo. Aka gyara shi, aka raɗa masa suna Conway Hall, sunan iyalin da suka tallafa da dukiyarsu. Ɗalibai fiye da 200 ne ke zama a ciki lokacin da suka je ƙarin karatu na 'yan watanni. A 2017 kuma jami'ar ta buɗe irinsa a Roma.

Akwai masu cewa wannan almubazzaranci ne. Mu ba mu ce haka ba. A can Indiana kowane gidan kwanan ɗalibai na wannan jami'a yana da ɗakin sujada da mai kula da tarbiyyar yara. Duk iyayen da suka taɓa tura ɗa karatu nesa sun san fargabar da muke nufi: ina zai kwana, da wa zai yi abota, zai je sujada ran Lahadi? Jami'ar da ta kai matasa babban birni irin Landan ta bar su su watsu a gidajen haya, ta yi rabin aiki ne.

Amma 'yan'uwa, ga inda gizo ke saƙar. Samun mai ba da kuɗin gini ba shi da wuya, tunda za a rubuta sunansa a bango. Mu ma mun san haka a ikkilisiyoyinmu: ranar aza harsashi kowa da alkawari, ranar gyaran kwano sai a nemi mutane a rasa. Gidan Landan kuwa kullum yana cin kuɗin wuta da gyara da albashin ma'aikata, ga kuɗin jirgi da abinci a birni mai tsada. In aka ɗora wannan nauyi a kan ɗalibi, to 'ya'yan masu hali ne kaɗai za su kwana a ciki.

Paparoma John Paul na Biyu, a takardarsa ta 1990 kan jami'o'in Katolika mai suna Ex Corde Ecclesiae, ya buƙaci a nemi hanyar da talakawa za su samu ilimin jami'a. A 2024 Notre Dame ta sanar cewa za ta daina sa bashi cikin taimakon da take ba ɗalibai mabukata, kuma ba za ta duba aljihun ɗalibi ba wajen ɗaukarsa, ko daga wace ƙasa ya fito. Mun yaba. Abin da muke roƙo shi ne, duk lokacin da wata jami'ar Ikkilisiya za ta karɓi gudummawar gina gida a ƙetare, ta keɓe wani kaso tun daga ranar farko domin kuɗin jirgi da na zaman ɗan talaka, ta kuma riƙa bayyana kowace shekara yawan irin waɗannan yara da suka samu gado a gidan.