KIWON LAFIYA: Gashin Sankarar Furosteti da Abin da Kan Biyo Baya

A wannan mako za mu tattauna kan wata cuta da dattawa da yawa ke jin nauyin ambatarta, wato sankarar furosteti. Shi furosteti wani ƙullutu ne kamar ƙaramin goro, yana ƙarƙashin mafitsarar namiji, ya kewaye hanyar fitsari, bayansa kuma na jingine da ƙarshen hanji. Saboda wannan maƙwabtaka, idan aka gasa sankarar da haske, maƙwabtan su ma sukan ji a jikinsu.

Gashin iri biyu ne. Na farko, na'ura ce ke harba hasken daga waje. A da akan yi mako 7 ko 8 ana zuwa asibiti, yanzu kuwa akan gama cikin zama 20, wani lokaci ma 5. Mai wannan gashi yakan sami gajiya, da yawan fitsari mai zafi, da gudawa. Galibi waɗannan sukan lafa bayan 'yan makonni, amma wasu sukan ga jini a bayan gida bayan watanni.

Na biyu, akan dasa 'yan ƙwayoyi masu haske, kamar tsabar shinkafa, cikin furostetin kansa. Wannan bai cika taɓa hanji ba, sai dai yakan tsananta wahalar fitsari, har wani a sa masa roba na ɗan lokaci.

Duka biyun suna iya rage ƙarfin namiji sannu a hankali, su rage maniyyi, su hana haihuwa. Wani bincike a Birtaniya kan maza 1,643, wanda aka bayyana a 2016, ya nuna cewa waɗanda aka yi wa fiɗa sun fi fama da yoyon fitsari da raunin mazakuta, waɗanda aka gasa kuwa sun fi samun damuwar hanji. Waɗanda cutar ta kashe cikin shekara 10 ba su wuce kimanin 1 cikin 100 ba a kowane ɓangare.

Don haka, maigida, kada tsoro ya hana ka magani, kada kuma kunya ta rufe maka baki. Ka tambayi likita illar kowace hanya, ka shawarci iyalinka, musamman in kana son ƙarin haihuwa. Duk abin da ka gani bayan gashi ka faɗa masa, domin yawancinsu suna da magani.

Allah Ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.