Bayan zuwan Canva, me ya rage wa ɗalibin zane?

Tun kafin zaɓen 2027 ya ƙaraso, fastocin 'yan siyasa sun cika Facebook, kuma da yawansu a waya aka haɗa su da Canva ko ƙirƙirarriyar basira. Shi ya sa iyaye ke tambaya: ina amfanin kashe shekaru ana karatun zane a ABU Zariya ko a poli?

Gaskiya kasuwar fasta mai araha ta kuɓuce, ba kuma za ta dawo ba. Amma je ka maɗaba'a ka gani. Launin da ke sheƙi a waya yakan dushe a takarda, domin allo da haske yake aiki, injin bugu kuwa da tawada kala huɗu. Ga kuma ƙ, ɗ da ɓ, waɗanda yawancin salon haruffa ba su da su, har a buga "kasa" a wurin "ƙasa". Masu gyara irin wannan ake biya.

Don haka ɗalibi ya nemi horon aiki a maɗaba'a, ya goge a CorelDraw, ya tara ayyukan da zai nuna. Su kwastoma ke fara dubawa kafin takardar shaida.