RA'AYINMU: Wa Ke Duba Ƙarƙashin Gadojin Da Muke Hawa?

Jama'a, kusan babu gida a cikin gidajen 'yan ƙungiyar nan tamu da za a ce wata guda ya wuce ba wanda ya hau hanya. Wani zai tafi Kano sarin kaya, wani zai je gida gaisuwar mutuwa ko ɗaurin aure, wani kuma tuƙin ne sana'arsa. Mai zuwa Kano ta Ningi sai ya haye Gadar Maiwa, ya kuma haye ta Wudil. Mai zuwa Gombe ko Yola ba shi da makawa sai ya bi ta kan gadar Dindima da ke bisa kogin Gongola. 'Yan'uwanmu masu kai shanu da albasa kudu kuwa, sun san tsohuwar gadar ƙarfe ta Anaca wadda aka gama a 1965. Dukkanmu mukan yi bisimilla mu haye, mu leƙa ruwa ta taga, amma ba mu cika tambayar yaushe rabon da wani masani ya shiga ƙarƙashin gadar ya duba lafiyarta ba. Wannan tambaya ita ce maƙasudin sharhinmu na wannan fitowa.

Da yawa daga cikinmu na ɗauka cewa tunda ƙarfe ne, ai ba ya tsufa. Ba haka abin yake ba. Duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya ya miƙe ta sau da yawa har ta karye, ya ga abin da injiniyoyi ke kira gajiyar ƙarfe. Kowace tirela ta wuce, ƙarfen gada yakan ɗan lotsa ya koma, kuma bayan shekaru masu yawa sai 'yar tsaga ta ɓullo, galibi a wurin walda ko bakin ramin noti. Ga kuma tsatsa, wadda ke cin ƙarfe a duk inda fenti ya ɓare ko magudanar ruwa ta toshe. Ko gadar da muke gani ta kankare ce, akwai rodi a cikinta, akwai kuma matasan da take zaune a kansu da mahaɗan da ke ba ta damar miƙewa idan rana ta yi zafi. Na uku shi ne ruwa, wanda ke zaizaye ƙasar gindin ginshiƙai a lokacin damina, a wurin da ido ba ya gani.

Sannan kada a manta, yawancin gadojin nan an gina su ne a zamanin da jirgin ƙasa ke ɗaukar kaya masu nauyi. Layin dogo da ya ratsa Bauchi ya isa Maiduguri a 1964. Da harkar jirgi ta durƙushe, sai siminti da man fetur da hatsi suka koma kan titi, kuma kowa ya san irin lodin da ake yi wa manyan motoci a yau.

Idan muka leƙa ƙasashen da suka ci gaba, za mu ga su ma sai da suka sha wuya kafin su yi hankali. A ranar 15 ga Disamba, 1967, wata gadar ƙarfe mai suna Silver da ke kan kogin Ohayo a Amurka ta rufta da motoci, mutum 46 suka rasu. Bincike ya nuna tsaga ce guda ɗaya a jikin ƙarfe ɗaya, wadda zurfinta bai kai milimita 3 ba. Wannan ne ya sa a 1971 gwamnatin ƙasar ta kafa ƙa'idar duba gadojin manyan hanyoyi aƙalla sau ɗaya a kowace shekara biyu, a kuma rubuta sakamakon. Duk da haka, a ranar 1 ga Agusta, 2007, wata gadar ƙarfe a birnin Miniyafolis ta faɗa kogin Misisifi, mutum 13 suka mutu, 145 suka ji rauni, saboda farantan ƙarfen da ke riƙe mahaɗanta sun yi siriri tun daga zane, ga kuma kayan gyaran titi da aka jibge a kanta. Amma a watan Mayu na 2021, masu duba wata gada a birnin Memfis sun hango wani babban ƙarfe ya tsage, nan take aka rufe ta, aka yi kusan wata uku ana gyara, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Mutanen garin sun sha wahalar zagaye, amma ba su yi zaman makoki ba.

Mu ma nan gida ba a bar mu a baya ba wajen ganin ishara. A watan Yuni na 2017 gadar Tatabu da ke tsakanin Mokwa da Jebba ta karye, motocin arewa da na kudu suka yi cirko-cirko. A watan Agusta na 2024 ambaliya ta yanke hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum, cikin wannan jiha tamu. A ƙarshen Mayu na 2025 kuma ambaliyar Mokwa ta ci rayuka sama da 150, ta kuma lalata gadar garin. Duk lokacin da irin haka ta faru, talaka ne ke fara ji a jikinsa: kuɗin mota ya ninka, tumatir ya ruɓe a hanya, mai naƙuda ta kasa isa asibiti.

Muna so a fahimce mu. Ba mu ce gadar Dindima ko Gadar Maiwa za ta faɗi gobe ba, domin mu ba injiniyoyi ba ne, kuma ba ma son tayar da hankalin kowa. Abin da muke cewa shi ne, mutumin da ke ɗora ransa da na iyalinsa a kan gada yana da haƙƙin sanin ranar da aka duba ta da abin da aka gani. Duba gada ba shi ne jami'i ya tsaya a sama ya leƙa ya koma mota ba. Sai an shiga ƙarƙashi, an taɓa ƙarfe da hannu, an ƙwanƙwasa da guduma, an auna kaurin da tsatsa ta bari, an sa na'urar gano ɓoyayyar tsaga, an kuma auna gindin ginshiƙai bayan ruwa ya janye.

Wani zai ce, mu da muke baƙi, ba mu da takardar shaidar zama 'yan asalin jiha, ina ruwanmu da wannan magana? To, gada dai ba ta tambayar garin kakan mutum kafin ta rufta da shi. Tsarin Mulki na 1999 a sashe na 14 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati, sashe na 41 kuma ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin yawo da zama a duk inda ya ga dama. Hanyoyin nan na Gwamnatin Tarayya ne, suna ƙarƙashin Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya da hukumar FERMA da aka kafa a 2002 don gyaran hanyoyi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar neman takarda daga hukuma ba tare da ya faɗi dalili ba, ta kuma ce a ba shi amsa cikin kwana 7.

Saboda haka shugabannin ƙungiya za su rubuta wa Kwanturolan Ayyuka na Tarayya da ke nan Bauchi, cikin ladabi, su nemi abubuwa uku: ranar da aka yi wa kowace babbar gada a kan hanyoyin Gombe da Kano duba na ƙarshe, abin da rahoton ya ƙunsa, da nauyin da aka amince kowacce ta ɗauka. Muna kuma roƙon a kafa allo a bakin kowace gada mai ɗauke da wannan bayani da Hausa da Turanci. Duk amsar da muka samu za mu buga ta a wannan shafi. Haka nan muna kira ga wakilanmu a Majalisar Tarayya da su bi sawun kuɗin duba gadoji a kasafi, ba na sabbin kwangiloli kaɗai ba.

Mu ma akwai namu laifin, kuma dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Direban da ke karɓar lodin da ya fi ƙarfin motarsa, da mai ɗibar yashi a gindin gada, da ɗan gwangwan da ke sayen ƙarfen da ya san daga jikin gada aka yanko shi, duk suna haƙa ramin da ɗansu ko mahaifiyarsu na iya faɗawa. Direbobinmu su ne idanunmu a hanya. Wanda ya ji gada na wata irin girgiza da bai saba ji ba, ko ya ga mahaɗa ta buɗe, ko titi ya lotsa a bakin gada, ya sanar da sakatariya, mu kuma za mu kai maganar a rubuce.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin rani, sa'ad da kogi ya janye har ana ganin gindin ginshiƙai, shi ne lokacin dubawa da gyara, ba sai ruwan Agusta ya iso ba. Allah Ya tsare matafiyanmu, Ya ba shugabanninmu ikon sauke amanar da ke wuyansu, amin.

Sakataren Ƙungiya