Ranar Wanka Ba a Ɓoyon Cibi

Ɗan'uwa, ka sha wuya a ajin yaƙi da jahilci, har ka rubuta labarinka na farko. To, don me ka ɓoye kaye ƙarƙashin tabarma?

Ka ce kana tsoron dariya. Ka fi tsoron abokin da zai ce maka "ya yi kyau" bai karanta da hankali ba. Wannan ba masoyinka ba ne. Wani ɗalibina ya rubuta "amarya ta shiga daka", alhali "ɗaka" yake nufi. Mutum uku suka yaba. Da aka karanta wa wata tsohuwa, sai ta ce: "Amarya da daka daren farko?" Ita ce ta taimake shi.

Ko Abubakar Imam, da ya rubuta Ruwan Bagaja a gasar 1933, sai da Rupert East ya duba littafin a Zariya kafin a buga shi.

Gobe ka kawo kayenka aji. Ba wani ya karanta da ƙarfi, kai ka yi shiru. Inda ya yi tuntuɓe, sa alama. Tambaye shi abin da ya gane. Kada ka yi fushi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.